Azumin da Aka Garƙame Gidan Fiya Wata

Bana marka ta zo da ƙarfinta. Rana ta ƙi leƙowa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji sun takure a gindin rumbu. Ina zaune a zaure ina kallon ruwa yana zuba daga indararo, sai wata a-kori-kura ta wuce da lodin fiya wata, tana tangaɗi cikin caɓi. Ban san mai ita ba, ban san inda za ta ba. Amma ta mayar da ni wata damina, wadda azumi ya faɗo tsakiyar marka. A lokacin babbar 'yata Safiya ko makaranta ba ta shiga ba, yau kuwa ita ma tana da goyo.

Aiki nake yi a gidan fiya wata na Alhaji Mudi, a bakin hanyar da ta tashi daga Gwarzo zuwa Kabo. Ƙaramin wuri ne, ɗakuna biyu da burtsatse da janareta, sai injin da yake cika leda yana liƙewa, da tsohuwar mota guda. Ni nake kan inji. Garba ne direba, dogo mai saurin fushi da saurin dariya. Akwai Baba Tanko, dattijo daga Kutama, wanda yake ɗura ledoji a jaka yana ɗorawa a mota, ga furfura amma kafaɗarsa ta fi ta samari. Sauran samari ne. Mai kula da mu shi ne Nasiru, ɗan ƙanwar Alhaji, muna ce masa Manaja. Albashin wata ake ba mu, kuma da baki aka ɗauke mu gaba ɗaya.

Da ruwan shuka ya sauka a shekarar, muka roƙi a ba mu 'yan kwanaki mu je gona. Zafi bai gama tafiya ba, ana ta sayen ruwa, inji ba ya hutawa. Alhaji da kansa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, carbi a hannu.

"Duk wanda ya tafi gona, ya zauna can," in ji shi. "Ni ba na haɗa aiki da noma. Albashinku ai ya ishe ku sayen hatsi."

Muka kalli juna. Ni dai na bar wa ƙanena gonata ya shuka abin da zai iya, shi ma tasa ta fi ƙarfinsa. Rabinta ciyawa ta cinye. Baba Tanko ya ba da tasa aro. Haka muka wuce shuka, muka wuce noman farko, muna cika leda.

Sai azumi ya kama, marka ta biyo shi. Wanda bai yi azumi a gidan ruwa ba, ba zai gane ba. Yini guda ledoji masu sanyi suna bi ta tafin hannunka, ruwa na ɗiga a gwiwar hannu, ƙamshin sabuwar leda a hanci, maƙogwaro kuwa a bushe. Amma ba mu damu ba, saboda mun san wata zai ƙare a biya mu, mu yi wa yara ɗinkin Sallah.

Ba a gama goman farko ba muka zo da safe muka tarar da ƙofa a garƙame da ƙaton kwaɗo. Nasiru na tsaye a ƙarƙashin rumfa riƙe da lema.

"Alhaji ya ce a tafi hutu," ya ce. "Ruwan sama ya kashe kasuwa. Sai bayan Sallah."

Baba Tanko ya ce, "To Alhamdu lillahi, hutu ai daɗi ne. Albashin fa, yau za a ba mu ko sai ƙarshen wata?"

"Wane albashi, Baba? Ana biyan mutum yana kwance a gida?"

"Mu muka ce za mu kwanta?" Garba ya tambaya. "Ga mu mun zo. Buɗe mu yi aiki."

"Ni saƙo aka ba ni. Na kwanakin da kuka yi ma, sai an dawo a duba."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya bar mu a tsaye ruwa na dukanmu.

Muka je gidan Alhaji, aka ce yana Kano. Muka koma, aka ce yana barci. Muka je wajen dagaci, ya saurare mu da kyau, ya girgiza kai, ya ce zai yi masa magana, mu yi haƙuri watan ibada ne. Maƙwabcina Malam Habu, wanda yake koyarwa a firamare, ya ce mana dokar ƙasa ta san da irin wannan. Mutumin da aka ɗauka aikin wata, ya zo da niyyar aiki aka hana shi, haƙƙinsa bai faɗi ba. Amma sai mun je Kano ofishin ƙwadago mun kai ƙara, kuma za a tambaye mu shaidar an ɗauke mu. Wa ke da kuɗin mota? Wace shaida, ban da kantar hannunmu? Yaran yanzu da wayoyinsu, da tuni sun ɗauki maganar Manaja duniya ta ji. Mu a lokacin sai dai mu faɗa wa juna.

Wannan lokaci ne da kowane talaka ya sani. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Gero ya fitar da kai amma bai yi ido ba, masara ta yi goyo amma tsaba ba ta kama ba. Ko'ina kore shar, ciki kuwa babu komai. A kasuwa kwanon dawa kullum sai ya ƙara tsada.

Matata Rabi ta fara rage tukunya. Da farko muna shan ruwa da kunu da ɗan ƙosai, daga baya ƙosan ya ɓace, sukari ya bi shi. Ta koma tsinko tafasa da rama a bayan gida, ta dafa ta zuba ɗan ƙuli da gishiri. Sahur kuwa ɗumamen tuwo ne in an samu, in ba a samu ba ruwan kunu. Itace jiƙaƙƙe, sai ta durƙusa tana hura wuta har idanunta su yi ja, hawaye na zuba, ban san ko na hayaƙi ne kaɗai ba. Ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa biyu, muka jera kwanuka. Katangar bayan gida ta jiƙe ta zube wata safiya, saura kaɗan ta danne akuyarmu. Ba a daɗe ba akuyar ma ta tafi kasuwa.

Na shiga ƙwadago. Ni da Baba Tanko muna bin gonakin mutane muna huɗa, da azumi a baki, laka har idon sawu. Sauro da rana ma bai bar mu ba. Wata rana na ga Baba ya tsaya ya dogara da garma, yana kallon wata gona mai kyau can gefe.

"Tawa ce," ya ce. "Dubi yadda ta yi. A hannun wani."

Ya sunkuya ya ci gaba.

Ana cikin goma ta tsakiya Safiya ta kwanta da zazzaɓi. Jikinta kamar garwashi, tana kiran ruwa, in an ba ta ta amayar. Na je kemis aka ba ni magani rabi, aka ce in kawo cikon kuɗi in karɓi saura. Ina dawowa na tarar da Garba a ƙofar gidana, rigarsa jiƙe sharkaf, idonsa jawur.

"Haladu, na ga motata."

"A ina?"

"A kasuwar Kabo. Cike da ruwa. Wani yaro ne yake tuƙa ta, yana ta kashe mata giya. Na bi ta bayan gidan ruwan, wallahi janareta na aiki. Ta ƙofar baya suke shiga."

Ashe ba a rufe ba. Nasiru ya kwaso 'yan garinsu yana ba su ɗan abin da bai kai ya kawo ba a kullum, ana tara ruwan Sallah. Mu ne kawai aka rufe.

Ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ranar ba. Yunwa daban take, na saba da ita. Wannan wani abu ne mai zafi da ya taso daga ciki.

Washegari bayan azahar muka taru a wani kwalbati da ruwa ya cinye gefensa, inda dole mota ta rage gudu. Mu shida ne. Baba Tanko ya ce kada kowa ya riƙe ko tsinke.

"Magana za mu yi. Nasiru ya tsaya ya kalle mu, ya faɗa mana laifinmu."

Ana yayyafi, sama ta yi baƙi ta gabas. Muka ji ƙarar motar tun daga nesa. Da ta iso muka tsaya a tsakiyar hanya. Nasiru na gaba kusa da direba. A baya, bisa lodin, mutum huɗu ne zaune sun lulluɓa da buhu saboda ruwa. Na ɗauka 'yan lodi ne.

Baba Tanko ya matsa ya dafa ƙofar motar.

"Nasiru, ɗana, sauko mu yi magana."

"Baba, sake mini ƙofa."

"Ka ce mana an rufe. Wannan ruwan daga ina?"

"Kamfanin ubanku ne? Ku matsa ko in sa a bi ta kanku!"

Ya daka wa yaron da ke tuƙi tsawa ya ja mota. Motar ta zabura, ta ja Baba Tanko, ya faɗi a gwiwa cikin laka. Ban ga lokacin da Garba ya ɗauki dutse ba. Na dai ji ƙarar gilashi ya tarwatse, yaron ya taka burki yana ihu, jini na zuba daga goshinsa.

Sai mutanen baya suka yar da buhunan. Kowanne da gora, ɗaya da barandami.

Daga nan abin ya zama guntu-guntu a kaina. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na ga an sauke wa Garba gora a baya, ya juya ya rungumi mai ita suka faɗa cikin kwata. Ɗaya daga cikin samarinmu ya haye motar yana turo jakunkuna ƙasa, ledoji na fashewa a kan hanya, ana tattake su. Na damƙi wuyan rigar Nasiru ta taga na jawo shi, na kai masa naushi a baki, na ji haƙori ya yanke mini yatsa. Ban sake shi ba sai da na ji wani ya kira sunana.

"Haladu, sake shi!"

Na waiga. Iliya ne, ɗan ƙauyen su Rabi, wanda muka sha cin tuwo tare a gidan surukaina, ranar sunan Safiya ma shi ya feɗe ragon. Gorarsa na sama. Na ɗaga hannun dama na kare kaina. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Hannun ya saki, ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Na durƙusa ina amai, babu abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci.

Ina durƙushen na hangi Baba Tanko. Ya miƙe, hannuwansa biyu a sama, yana shiga tsakani yana cewa, "Ku bari! Azumi ne! Ku ji tsoron Allah!" Mai barandamin nan ya juyo, ban san shi ba, ban kuma ƙara ganinsa ba. Da ƙotar ya buge shi, a bayan kunne. Baba bai yi ƙara ba. Ya zauna a hankali kamar mai shirin tahiya, sannan ya kife.

Kowa ya tsaya. Ruwa kawai ake ji. Jini yana fita daga kunnensa yana bin ruwan ledojin da suka fashe, yana gangarawa kwalbati. Hularsa ta bi ruwan ta tafi. 'Yan gorar suka watse cikin masara. Nasiru ya tofar da jini, ya tura yaron gefe, ya ja motar da kansa.

Masu wucewa ne suka ɗauke mu. Aka kai Baba asibiti a Gwarzo, daga can aka ce sai Kano. Ni aka kai ni wajen mai ɗori. Mutum uku suka danne ni, ya ja hannun ya mayar da ƙashin, na ciji hannun rigata har ya yage. Ya jera karare ya ɗaure. Aka ce in karya azumi, na ce saura kaɗan a kira salla. Da aka kira, ledar fiya wata aka miƙo mini, tambarin gidanmu a jiki. Na sha. Ƙishi bai san fushi ba.

Kafin gari ya waye an kama Garba da samari biyu, saboda gilashin mota da goshin yaron. Mu da muka ji rauni aka ce mu zauna a gida, za a neme mu.

Baba Tanko bai farfaɗo ba. Ana cikin goman ƙarshe aka dawo da shi Kutama a naɗe. Muka binne shi cikin yayyafi, ƙasa ta jiƙe har kabarin na tara ruwa, sai da aka yi ta kwalfewa da ƙwarya. Na tsaya da hannu a rataye, ko ƙasa ban iya zuba masa da dama ba.

Mutuwar ce ta fito da Alhaji Mudi. Dagaci ya tara mu a zaurensa ana jibi Sallah. Alhaji ya zo da farar riga, ya yi ta'aziyya, ya ce shi bai san Nasiru ya ɗauki 'yan gora ba, kuma wanda ya yi dukan ya gudu, ana nemansa. Ya ce ya yafe gilashin mota, zai sa baki a saki su Garba. Sannan ya ce albarkacin wata mai alfarma, ya kawo ɗan taimako a raba mana, a bar maganar a nan.

Matar Baba Tanko, Inna Laraba, tana zaune daga bakin ƙofa cikin mayafin takaba. Ba a zaci za ta yi magana ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa dagaci, "a tambayar mini Alhaji. Wannan abin da ya kawo, sadaka ce ko albashin Malam ne?"

Alhaji ya gyara zama. "Inna, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. In sadaka ce, a kai masallaci, akwai mabukata. Malam bai fita roƙo ba. In guminsa ne, a faɗa da baki a gaban mutane, in karɓa in saya wa marayunsa hatsi."

Dagaci ya dubi Alhaji, bai kawar da ido ba. Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Albashinsa ne," ya ce a ƙarshe.

"Na watan nan duka?"

"Duka."

"To na sauran fa?" in ji dagaci.

Haka aka biya mu watan da aka ce hutu ne. Na karɓa da hagu. Na biya kemis na karɓo sauran maganin Safiya, na auno gero. Ɗinkin Sallah dai babu. Maganar jinin Baba kuwa, an yi ta zuwa ana dawowa har ta bi ruwa, mai barandami ba a gan shi ba har yau.

Bayan Sallah aka buɗe gidan ruwan ta ƙofar gaba. Samari biyu suka koma, ban ga laifinsu ba. Garba ya tafi Kano ya shiga tuƙin tifa. Ni hannu ya ɗoru a karkace, ba ya iya saurin inji, na koma gonata.

Gero ya nuna, aka fara gasa tumu, gari ya ɗan yi numfashi. Safiya ta tashi, ta rame amma tana wasa. Wata rana da hantsi ina zaune a zaure aka yi sallama. Na ɗaga kai, Iliya ne. Ya zube, wuyansa ya yi tsawo, rigarsa duk faci. Ya tsuguna daga bakin ƙofa bai shigo ba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, kamar babu komai. Sai ya kama tona ƙasa da tsinke.

"Haladu, ban san ku ba ne," ya ce. "Ce mana aka yi ɓarayi ke tare mota. Da na gan ka, hannuna ya riga ya tashi."

"Ai ka kira sunana kafin ka sauke."

Ya sunkuyar da kai. "Na kira."

"Nawa aka ba ka?"

"Masara aka ce za a auna mana. Gidana kwana biyu ba a ɗora tukunya ba a lokacin." Ya yar da tsinken. "Da muka je karɓa, Manaja ya ce mun jawo masa masifa, mu ɓace masa da gani. Ko tsaba ba mu samu ba."

Na so in ji daɗin wannan magana, ban ji ba. Na so in tashi in rufe shi da duka, babu hannun. Daga cikin gida Rabi ta leƙo, ta gan shi, fuskarta ta canza. Ta dube ni tana jiran abin da zan ce.

"Kawo mana abinci," na ce.

Ta kawo dambun sabon gero a kwano ɗaya, ta dire shi da ƙarfi ta koma. Na ce masa bismilla. Ya matso, ya wanke hannu, ya ɗebo loma. Ni kuma na sa hannun hagu, ina ta fama, dambun na zubewa ta tsakanin yatsuna kafin ya kai baki. Iliya ya tsaya da lomarsa a sama yana kallona. Ya mayar da ita cikin kwanon a hankali, ya ja bakin rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara girgiza.

Ban rarrashe shi ba. Na ci gaba da cin abincina.